Amsa ga ƙanena kan masu ƙirƙiro sabon salon waƙa

Salamu alaikum ƙanena. Ranar Asabar a wajen karatun waƙa ka miƙe a bainar jama'a ka ce wai me ya sa nake ɗaure wa yaran nan gindi, masu ƙirƙiro salonsu ba kari ba amsa-amo, alhali ga aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa, magabata sun bar mana. Kafin in buɗe baki aka kira magariba kowa ya watse, to ga amsarka.

Shi arulin da kake kira namu na gado, su Mutaƙarab da Kamil da Basiɗ, ai Halilu ɗan Ahmad ne ya tsara shi a Basra tun ƙarni na 8 don waƙar Larabawa, malamanmu suka ɗauko suka ɗora wa Hausa kuma ya zauna daram saboda mu ma muna da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Ranar da aka fara yin hakan ai shi ne baƙo ko? Sannan ka duba Infiraji, Aliyu Namangi ba a littafin aruli ya samo karinta ba, karin caji ne na makaɗa ya ɗauka ya zuba wa'azi a kai, ga shi yau makafi na rera ta a ƙofar gidaje ana kuma nazarinta a jami'a, kai kanka na sha jin ka kana kafa hujja da ita.

Amma fa kar ka ɗauka komai nake tafa wa. Wani zube ne zalla zai rubuta ya riƙa kakkarya shi guntu-guntu, ya maƙala hoton fure ya ce waƙa ce, wannan kam a kai kasuwa. Ni tambayata ga yaro ɗaya ce, wace doka ka kafa wa kanka, ka kuma bi ta har ƙarshe? Yarinyar nan da ta karanta tata kafin ka tashi, ba ka lura ba kowane ɗango da kalmar da wanda ya gabace shi ya ƙare da ita yake farawa? Baiti 12 ba ta yi tuntuɓe ba, wurin ya yi tsit, wallahi gumin da ta sha bai gaza na mai ƙwar biyar ba, wato waƙa mai ɗango biyar a kowane baiti.

Asabar mai zuwa ka taho da ƙwar biyar ɗinka, zan ce ita ma ta zo da tata a karanta su a jere. Kuɗin shayi a wuyana.