A kafa wa badalar Kano turaku kafin a sake maganar UNESCO

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu in yi magana kan badala da tsofaffin unguwannin cikin birnin Kano. Tun da UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024 nake jin ana cewa saura ganuwa, ita ma lokacinta ya zo. Na yi murna da abin da hawan daba ya samu. Amma ni tsohon ma'aikacin safiyo ne, a awon ƙasa na yi furfura, kuma abin da nake gani a gindin badala bai ba ni wannan ƙarfin gwiwa ba.

A takarda dai ganuwa ba marainiya ba ce. Ita da ƙofofinta da Gidan Makama sun daɗe cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Tarayya, wadda dokar 1979 ta kafa. A 2007 kuma Najeriya ta miƙa wa UNESCO sunan ganuwar tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, aka sa su a jerin masu jiran layi. Sukur ta jihar Adamawa ta shiga cikakken jerin wuraren tarihi na duniya tun 1999, kurmin Osun da ke Osogbo ya bi ta a 2005. Mu har yau muna layi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wanda ya ce wuri na tarihi ne daban, wanda ke da iko da ƙasar wurin daban. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, izinin gini kuma daga hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, yake fitowa. Hukumar tarayya ba ta raba fuloti, ba ta sa hannu a taswirar gini. To idan layin badala bai fito ɓaro-ɓaro a taswirar da ake buɗewa kafin a ba mutum takarda ba, kuma babu turakun siminti a ƙasa masu lamba da za a nuna wa alƙali, da me mai gadin kayan tarihi zai tsayar da tifa?

Na ga yadda ake cinye badala, kuma ba da katafila ake farawa ba. Wani ne zai zo da baro ya ɗebi jar ƙasa don yaɓen ɗakinsa. Inda ya ɗiba sai ya zama gurbi, damina ta zo ta faɗaɗa shi, maƙwabta su mai da wurin bola. Bolar ta kwana biyu sai wani bakanike ya share gefe ya kafa rumfa, mutane ma su gode masa don ya rage musu wari. Rumfa ta zama kwantena, kwantena ta zama shagon bulo. Kafin ka ankara an yi awon igiya a bayanta, an sayar, an sake sayarwa, wanda ke ciki yanzu da kuɗinsa ya saya kuma yana da takardar ciniki da shaidu. Ranar da aka zo rusau, kamar yadda muka gani a Kano a 2023, sai kuka da kotu da siyasa, kowa da tasa gaskiyar. Turaku da taswira sun fi rusau araha nesa ba kusa ba.

Ginin ganuwar nan fa, Sarki Gijimasu ne ya fara shi wajen ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa, aka sake ƙarawa a ƙarni na 17. Abin da ya tsayar da shi tsawon waɗannan shekaru aikin gayya ne: a fito da rani a cike inda ruwa ya zaizaye. Da Turawa suka ci Kano a 1903 buƙatar ganuwa don yaƙi ta ƙare, gyaran ma ya bi ta. Ginin ƙasa kuwa ba ya jiran kwamiti ya gama zama. Saboda haka duk ayyanawar wurin tarihi da ba ta zo da kuɗin yaɓe na shekara-shekara a kasafin jiha ba, ni ban ɗauke ta ayyanawa ba. Ƙofofin da aka rushe don faɗaɗa titi aka sake ginawa da siminti kuwa, ba zan yi musun cewa motoci na buƙatar hanya ba, amma a daina nuna wa baƙi su ana cewa ga ginin kakanninmu.

Mu leƙa Agadas a Nijar, wadda ta shiga jerin UNESCO a 2013. Ba hasumiyar masallacin nan mai tsawon mita 27 kaɗai aka rubuta ba. Tsohon garin aka ɗauka ɗungurungum, da unguwanninsa 11 da fadar Sarkin Abzin, aka shata masa iyaka, aka ƙara wani yanki a kewaye da za a riƙa sa ido kan irin ginin da ake yi a ciki. Da laka suka yi gini kamar mu, ba su fi mu arziki ba. Iyaka suka fi mu.

Wannan ne abin da nake roƙon Majalisar Dokokin Jihar Kano ta yi: jiha ta buɗe nata kundin wuraren tarihi, kada ta tsaya jiran Abuja, kuma kundin ya ɗauki unguwa sukutum, ba gini ɗaya tilo ba. Marinar Ƙofar Mata da ake cewa ta faro tun 1498, idan aka kare ramukan rinin aka bar mabuga da masu ɗaurin zane suka watse, me aka kare? Haka Sharifai da Madabo da Dandalin Turawa da lungunan da ke zagaye da Kurmi. Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa ta tattara sunayen tare da masu unguwanni da Sarkin Magina, a liƙa sanarwa, a ba masu gidaje wa'adin kawo ƙorafi, sannan a buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Daga nan kowace takardar neman izinin gini a cikin wannan iyaka sai ta biya ta teburin hukumar.

Sai dai a yi hattara da masu gidajen. Mutumin da soronsa ke yoyo a watan Agusta, azara ta yi tsada, maginin da ya iya dafa makuba ya tsufa, in ya sayi kwano ya rufa ban ga laifinsa ba. Gidan gado kuma da magada goma suka matsu a raba, mai kuɗin da zai rushe ya yi bene shi ne ke zuwa da tayi mai kyau. Idan hukuma za ta ce wa talaka kada ya taɓa zaurensa da zankwayensa, to ta kawo masa azara da magini, ta yafe masa wasu kuɗaɗen, ta bar shi ya gyara banɗaki ya ja ruwa da wuta yadda ya so daga ciki. In ba haka ba, cikin dare zai rushe kafin sunan gidansa ya shiga kundi, kuma maƙwabta ba za su tona shi ba. A ɗauki matasa kuma a haɗa su da tsofaffin magina a biya su, don hannun da ya iya ɗora tubali ya fi ƙasar kanta wuyar samu yanzu.

A fara da abin da ya rage a tsaye. 'Yan kwamitin majalisa su ajiye motoci su taka da ƙafa daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Na'isa har Gadon Ƙaya, da ma'aikatan safiyo a bayansu, a auna a kafa turaku kafin ruwa ya sauka. In ana neman mai riƙe tef kyauta, ga ni.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin safiyo,
daga cikin birnin Kano.