Ka fara da ƙaramin, Babana

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ƙanwarka ce ta yi suɓul da baka ranar Juma'a muna cin tuwo, wai ka zuba rabin kuɗin da na turo maka a kan littattafan Tolkien, Baturen nan marubucin ƙagaggun labarai, kuma da The Silmarillion ka fara don an ce maka nan ne mafarin labarin. Kada ka yi mata faɗa, ni na tsare ta da tambaya.

Kuɗin dai sun tafi, na yafe. Na san har yau kana riƙe da ni kan kabad ɗin littattafai da na kulle kana aji uku. Jarrabawa ce a gabanka a lokacin, kuma ka ga abin da ka samu. Ko yau aka dawo da ni wannan rana, sai na sake kulle shi.

To, tunda ka saya, saurara. Ajiye The Silmarillion, ka ɗauki The Hobbit. A 1937 ya fito, 'ya'yansa Tolkien ya fara ba labarin, babi 19 ne kacal. Za ka iske Bilbo, jarumin labarin, cikin duhun ƙarƙashin dutse suna kacici-kacici da wata halitta mai suna Gollum, ransa a bakin amsa, zobe kuma na aljihunsa bai san abin da ya tsinta ba. Kada ka bari wani littafi ya riga ya faɗa maka sirrin zoben nan, rashin sanin shi ne gishirin. Daga nan sai The Lord of the Rings, juzu'i uku da suka fito a 1954 da 1955, amma labari ɗaya ne, a jere ake shan sa. A ƙarshen na ukun akwai rataye na tarihin sarakuna da harsuna. Idan ka karanta shi bai gundure ka ba, to ka isa ka koma wanda ka fara da shi.

Shi The Silmarillion ɗin, ko mai shi bai ga fitowarsa ba. Tun zamanin yaƙin duniya na ɗaya yake rubuta shi, ya kai wa masu ɗab'i suka ce a'a, cigaban Hobbit suke so. Ya rasu a 1973 bai gama ba, ɗansa Christopher ya tattara takardun ya fitar a 1977. Dubi sunayen cikinsa: Fingolfin, Finarfin, Fingon, Finrod, duk dangi ɗaya, kafin shafi na ɗari ka rasa wane ne uban wane. Ni da na yi shekara talatin da alli a hannu, sau biyu ina ajiye shi.

A makarantar allo, Allah Ya tsare ni da kwatantawa, wa aka taɓa fara wa da Baƙara? Daga Nasi ake hawa.

Ga abin da ya hana ni barci. Na san halinka. Kullum kan dutse kake son fara hawa don a ce kai ne, numfashi na ƙarewa ka sauko ka ce dutsen ne bai yi ba. Hadda ka tsaya a izu goma sha biyu. Keken ɗinkin Kawunka yana nan ɗakin baya, ƙura ta rufe shi, mahaifiyarka kaya take ɗorawa a kai. Yanzu kuma ina jin ƙishin-ƙishin wai kana tunanin sauya kwas a shekara ta biyu. Gaskiya ne? Me ya sa sai a bakin mutane zan ji? Wallahi idan ka shigo mini gidan nan da akwati ka ce karatun ma bai yi maka ba, ba ni da fuskar da zan dubi kakarka, wadda ta sayar da shanunta biyu don kai. Kai ba yaro ba ne, sunan mahaifina gare ka, shi kuwa bai taɓa barin kunya a tsakiya ya koma gida ba.

Na yi zafi, ka yi haƙuri. Wanda ya damu da kai ne ke maka faɗa.

Tsohon Hobbit ɗina, mai bangon da na liƙe da salatif, zan ba direban da ke zuwa ranar Litinin, tare da yaji da ƙuli-ƙuli daga mahaifiyarka. Babi ɗaya bayan isha'i ya isa, sauran daren na karatunka ne. Idan ka kai wurin kacici-kacicin, kira ni, akwai ɗaya da har yau nake jin haushin ban cinka ba.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka