Peter Pan ba ɗan kama ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na rediyo na daren Lahadi ya ɓata mini rai, shi ya sa na ce sai na rubuto ko da ba za ku karanta ba. Tun daga farko har ƙarshe yaron nan mai gabatarwa bai daina kiran Peter Enahoro "ɗan barkwancin jarida" ba, yana faɗa yana ƙyaƙyata dariya, sai ka ce labarin ɗan kama yake bayarwa a kasuwar Ringim. Haba! Mutumin da ya riƙe jaridar Sunday Times ta Nijeriya yana ɗan shekara 23, ya zama editan Daily Times a 1962, shi za a jera da masu ba da dariya don a jefa musu kwabo?

Ni na san shafin da yake rubutawa da sunan Peter Pan tun ban iya Turancin kirki ba. Ina aji shida hedimastanmu yakan aike ni tasha a kan kekensa in karɓo masa Daily Times idan jirgin Nguru ya tsaya. Takan iso ta kwana biyu ko uku, wani lokaci duk ta yi ƙura. Bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya ɗora tabaransa mai ƙafa ɗaya da aka ɗaure da zare, ya karanta layi guda, ya juya shi da Hausa. Dattawan da ba su taɓa shiga ajin boko ba su yi ta dariya har da riƙe ciki, don ana taɓa manyan Ikko. Amma da an hango ɗan doka ya karyo kwana, sai jarida ta shige ƙarƙashin tabarma, a koma zancen damina da kuɗin gyaɗa.

Ku tambayi duk wanda ya ga zamanin jam'iyyun NEPU da NPC a ƙauye. Kalma ɗaya a kan hakimi ta isa a tsayar da kai gaban alƙali a ce ka yi zagi. Don haka mu mun san darajar habaici. Mutumin nan yakan zagaya ya yanki minista ba tare da ya ba shi abin kamawa ba, wanda ya tsargu da shi ake. Wannan shi ne aikinsa, dariyar zuma ce kawai da ake shafa wa maɗaci.

Kuma wane ɗan kama kuka taɓa ji ya yi gudun hijira? A 1966, da ƙasa ta rikice, barin Nijeriya ya yi. Ya yi kusan shekara goma yana aiki da Muryar Jamus a Kolon, gidan da muke kamawa a gajeren zango a lokacin, daga baya ya koma Landan ya fitar da mujallar Africa Now. Ko a bakinku. Littafinsa na 1966, How to Be a Nigerian, inda ya yi mana tsiya mu duka har da kansa, sunan kawai kuka ambata kuka wuce. Sai kuka ɓata lokaci a kan yayansa Anthony da ƙudurin neman 'yancin kai na 1953, abin da kowane ɗan sakandare ya hardace.

Ba wanke shi nake yi tas ba. Karɓar ragamar Daily Times da ya yi a 1996, zamanin Abacha, har yau tana yi mini ƙaiƙayi a rai. Da wannan kuka baje kuka tattauna, da na ce kun yi aiki. Dattijo ya rasu a Landan a watan Afrilun 2023 yana da shekara 88, ai ya wuce a yi masa riƙon sakainar kashi.

Sannan don Allah, tallan maganin gargajiyar nan da kuke tsoma mana a tsakiyar shiri, sau uku na ƙirga a daren. Ina zaune da jikokina mata a tsakar gida mutumin ya fara zayyano abin da ba ya faɗuwa, sai da na yi wuf na murɗe rediyo, batir ɗin ma ya faɗo. In ba za ku daina ba, ku mai da shi bayan sha ɗayan dare.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.