Zuwa ga Dogo, daga Yamai

Dogo,

Gaisuwa mai yawa. Ya Abijan, ya kasuwa? Shiru kamar an aiki Bawa garinsu, ko kuɗin ne suka fara zama?

Albishirinka! Malam ya amince da batun kundina na farmasi: yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa magani da kanta. Kar ka soma hamma tukuna.

A aji an koya mana cewa aikin hanta ne, da wasu sinadarai nata da ake kira sitokurom P450. Ashe ƙwaƙwalwa ma tana da nata, ƴan kaɗan in an gwada da na hanta, amma suna zaune daidai inda maganin ke aiki. Ɗauki kodin. Ba ya kashe ciwo sosai sai ɗaya daga cikinsu, CYP2D6, ya mayar da shi mofin, maganin ciwo mai ƙarfi. A Jami'ar Toronto ta Kanada an toshe irin wannan sinadari cikin ƙwaƙwalwar ɓeraye kawai, aka ƙyale hanta. Mofin na jini bai canza ba, amma kodin ya rage kashe ciwo da farko. Ka ga awon jini bai isa shaida ba.

Ga inda ta biyo ta kanka, sarkin hayaƙi: an tarar ƙwaƙwalwar masu shan taba ta fi yawan CYP2D6, alhali taba ba ta ƙara na hanta. Ka ci gaba da zuƙa, zan sa ka a babi na uku.

Tramol ma wannan sinadarin ke juya shi, dalilin zaɓina ke nan. Ƙanen mai shayin fadarmu, wanda ke kabu-kabu a Tawa, ya haɗiyi tramol, ya faɗi bakin tasha yana mimmiƙewa, kumfa a baki, moto na kwance yana ta kuka. Ya farfaɗo, alhamdu lillahi. Hujjarsa wai abokinsa na haɗiyar fiye da haka, ko gezau. To jiki ɗaya ne? Abin har da gado: a Habasha kusan kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka gwada jikinsu da gaggawa yake juya irin waɗannan magunguna. Na yi masa bayani, ya ce in bari sai na zama lokotoro.

Af, mai shayin da kansa ya ƙara aure, atayinsa duk ya koma ruwa. Zafi kuwa sai wanda ya gani, a tsakar gida muke kwana.

Ka tambayo mini kuɗin kwamfuta ta hannu a kasuwar Ajame, tawa sai an jingina ta da bango take buɗewa. Inna na gaishe ka, ta ce zanen da ka yi mata alkawari ko masaƙa aka tafi?

Naka,
Gajere