Jadawali bai raba gardamar Alcaraz da Sinner ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in tanka wa abin da na karanta a shafinku na wasanni. Marubucin ya kawo labarin cewa Carlos Alcaraz, ɗan Sifaniya, ya rufe shekarar 2025 yana na ɗaya a duniya a wasan tanis, sannan ya ɗora da cewa da haka an san wanda ya fi tsakaninsa da Jannik Sinner na Italiya. Layi huɗu ne kacal a ƙarƙashin labarin cinikin 'yan ƙwallo, amma sun hana majalisarmu zaman lafiya har kwana uku.

Kada a ce zafin kaye ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ni Alcaraz nake goya wa baya, gadonsa na yi daga Rafael Nadal, wanda na bi tun yana yaro mai dogon gashi da riga marar hannu har ranar da ya ajiye wasa a Malaga a Nuwamban 2024. Gwanina kuka yaba, amma hujjar da kuka yabe shi da ita ba ta da ƙafa, kuma abokina tela, wanda ba ya ƙaunar a taɓa Sinner, ya karya ta a gabana kafin shayinmu ya huce.

Marubucinku ya ɗauki jadawalin tanis kamar teburin gasar Firimiya, inda kowa ke fara kaka ba shi da ko maki ɗaya, kowa ya buga wasa 38, a ƙarshe a miƙa wa na sama kofi. A tanis lissafin makonni 52 da suka wuce ake yi, kuma kowace Litinin sabunta shi ake yi. Wanda ya ci ɗaya daga cikin manyan gasa huɗu, wato ta Ostiraliya, da Roland Garros a Paris, da Wimbledon a Landan, da ta Amurka a New York, yana samun maki 2,000, wanda aka kayar a wasan ƙarshe ya tafi da 1,300. Ƙasa da su akwai gasa masu maki 1,000, da 500, da 250. Inda gizo ke saƙa shi ne makin haya ne, ba mallaka ba. Abin da ka ci a wannan makon bara, in makon ya zagayo bana za a zo a karɓe shi, ko ka je ka sake biya da guminka ko ka zauna a gida da ciwon gwiwa. Shi ya sa mutum zai iya cin kofi ranar Lahadi, Litinin ya tarar bai ƙaru da komai ba, saboda shi ya ci kofin bara.

A 2022 ma an ga abin da ya fi wannan ban mamaki. Masu shirya Wimbledon sun hana 'yan Rasha da Belarus shiga saboda yaƙin Yukren, hukumomin wasan suka mayar da martani da cewa babu maki a gasar ta wannan shekara. Novak Djokovic ya je ya ci kofin, aka zare masa 2,000 na bara, ba a ba shi ko ɗaya na bana ba, ya gangara zuwa na bakwai a duniya da kofin Wimbledon a hannunsa. Duk wanda ya kalli jadawali a wannan mako ya ce akwai mutum shida da suka fi Djokovic, to bai kalli wasa ba.

Mu dawo 2025. Alcaraz ya gama da maki 12,050, Sinner da 11,500. Tazarar 550 ce, ba ta ma kai abin da ake samu a gasa ɗaya mai maki 1,000 ba. Shi kuwa Sinner wata uku cur ya yi ba ya wasa, daga 9 ga Fabrairu zuwa 4 ga Mayu, ya rasa gasa huɗu masu maki 1,000: Indian Wells, da Miami, da Monte Carlo, da Madrid. Wannan ita ce hujjar tela, kuma ba ni da abin da zan ce a kan lissafinta.

Abin da nake ce masa shi ne ba hutu Sinner ya tafi ba, dakatar da shi aka yi. A Maris ɗin 2024 an sami ɓurɓushin wani haramtaccen sinadari mai suna clostebol a jikinsa. Ya ce mai yi masa tausa ne ya fesa wani magani a yankan da ke yatsarsa, sannan ya shafa masa jiki da hannun. Kwamitin da ya fara sauraron ƙarar ya yarda da bayaninsa, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta ɗaukaka ƙara, daga bisani aka sasanta a kan wata uku. Ni na yarda yaron bai yi da gangan ba. Amma wata ukun sun faɗo daidai tsakanin gasar Ostiraliya da ta Paris, bai rasa babbar gasa ko ɗaya ba, har ya dawo daidai lokacin gasar Rum a gaban mutanensa. 'Yan wasa da dama sun yi gunaguni cewa da ƙaramin ɗan wasa ne marar manyan lauyoyi da ba haka za ta kaya ba, kuma ban ga laifinsu ba. In na kawo nan sai tela ya hau ɗinkinsa da ƙarfi kamar bai ji ba.

To in jadawali bai raba ba, me zai raba? Inda babu ƙasa ake gardamar kokawa, su kuwa waɗannan sau shida suka haɗu a 2025, duka a wasan ƙarshe. Bari in tsaya a kan guda ɗaya, domin ban taɓa ganin irinsa ba tun daren 2008 da Nadal ya kayar da Roger Federer a Wimbledon duhu na rufe fili.

Ranar Lahadi ce, 8 ga Yuni, kwana biyu bayan Babbar Sallah, unguwa duk ƙamshin suya. Muka lallaɓi mai gidan kallo ya ba mu ƙaramar talabijin ta gefe, mu biyar, muka haɗa masa kuɗin man janareta. An fara bayan ƙarfe biyu na rana. A majalisarmu turmi muke ce wa kowane zagaye na wasan, aron bakin 'yan dambe, kuma a manyan gasa na maza sai ka ci turmi uku cikin biyar. Sinner ya ci na farko, ya ci na biyu. Yana buga ƙwallo kamar injin niƙa, ba ya murmushi, ba ya fushi, duk inda Alcaraz ya jefa masa sai ta dawo da nauyin da ya fi na zuwa. Alcaraz ya fizgi turmi na uku, muka ce ko ba komai an fita kunya. A na huɗu, rana ta yi ja, Sinner yana gaba da 5 da 3, ya kuma sami dama uku a jere, wadda ko ɗaya ya ci kofi ya zama nasa. Tela ya riga ya miƙe yana gyara hula, yana tambayata ko in ba shi kuɗin tsire yanzu ko sai an idar da Magariba.

Duka ukun suka zube. Alcaraz ya ƙwaci wannan ƙaramin wasan, ya kuma ƙwace na gaba wanda Sinner ke fara bugu, ya tafi da turmin a bugun raba gardama. Muka ruga masallaci, kuma Allah Ya yafe mana, domin ban da tabbacin inda hankalin wasunmu yake a raka'a ta uku. Da muka dawo matasa sun fara cika gidan suna jiran wasan Fotugal da Sifaniya na ƙarfe takwas. Da farko tsokanarmu suke, wai tsofaffi na kallon mutum biyu suna korar ƙuda. Kafin a kai ƙarshen turmi na biyar benci ya koma gefenmu, wani yaro a bayana yana tambaya me ya sa ake ƙirga 15, 30, 40, yana kuma ihu tun ban gama ba shi amsa ba. Alcaraz ya zo bakin kofi shi ma, Sinner ya dawo da shi. Sai a raba gardama na ƙarshe ya balle, 10 da 2. Awa 5 da minti 29, wasan ƙarshe mafi tsawo a tarihin Roland Garros.

Ga abin da zai ba mai son lissafi haushi: in aka tara ƙananan makin da aka buga a ranar gaba ɗaya, Sinner ya fi Alcaraz da guda ɗaya, 193 da 192. Haka wasan yake. A Wimbledon ta 2019 Federer ya fi Djokovic da maki 14, ya sami dama biyu na ɗaukar kofi, Djokovic ne ya tafi da shi. Maki a tanis ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Na zaci wannan kaye zai karya Sinner, domin manya da yawa irinsa ya karya. Mako biyar bayan haka ya tari Alcaraz a ciyawar Wimbledon, inda Alcaraz ya ci kofi a 2023 da 2024, ya bar masa turmin farko ya kwashe uku a jere, ya zama ɗan Italiya na farko da ya ci wannan gasa. A Satumba Alcaraz ya rama a New York, ya kuma sauke shi daga kujerar da ya yi makonni 65 a kai. A Nuwamba kuma, a Turin, cikin makon da aka miƙa wa Alcaraz kofin gwarzon shekara, Sinner ya doke shi a wasan ƙarshe na gasar gwanaye takwas, ba tare da ya rasa turmi ko ɗaya ba a gasar duka. Wannan ne makon da marubucinku ya zaɓa ya ce magana ta ƙare.

In hujja ake nema wa Alcaraz, ga ta: ya ci huɗu cikin shidan 2025, ko da yake ɗaya a Cincinnati Sinner ne ya janye da rashin lafiya, zuwa ƙarshen 2025 a haɗuwarsu gaba ɗaya yana gaba da 10 da 6, manyan kofuna yana da 6, Sinner na da 4, kuma Sinner ne ya girme shi da kusan shekara biyu. Ra'ayina shi ne ranar da kan Alcaraz ya zauna babu mai taɓa shi, har da Sinner. Matsalarsa kan ba kullum yake zama ba, yakan tsaya yi wa 'yan kallo gwaninta ya zubar da turmi a banza. Shi Sinner ba shi da irin wannan ranar. Ya kai wasan ƙarshe a manyan gasa huɗun 2025 duka.

Mu da muka ga zamanin da ya wuce mun koyi haƙuri da irin wannan hukunci. Lokacin da Federer ya wuce kofuna 14 na Pete Sampras a 2009, an ce an rufe littafi. Ya tsaya a 20, Nadal ya kai 22, 14 daga ciki a jar ƙasar Paris kaɗai, Djokovic ya wuce su duka da 24 da makonni 428 a saman jadawali. Kuma shi dattijon bai tafi ba. A 2025, shekarar da ya cika 38, ya kai wasan kusa da na ƙarshe a manyan gasa huɗun duka, uku daga ciki yaran nan biyu ne suka tare shi. Manyan kofuna takwas na 2024 da 2025 su biyu suka raba, huɗu-huɗu, kuma Alexander Zverev da ya gama 2025 yana na uku a duniya bai kai rabin makin Sinner ba.

Haka abin yake a ɓangaren mata, wanda shafinku bai ko ambata ba. Aryna Sabalenka ta riƙe matsayi na ɗaya tun daga farkon shekara har ƙarshenta, amma babban kofi ɗaya ta ci, na Amurka. Madison Keys ta kayar da ita a Ostiraliya, Coco Gauff ta kayar da ita a Paris, Iga Swiatek kuwa ta ɗauki Wimbledon da 6-0, 6-0.

Na san za a ce masu karatu ƙwallon ƙafa suke so. Gaskiya ne, ni ma ina kallo. Amma wasan nan ba baƙo ba ne a wurinmu: Nduka Odizor ɗan Legas ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, an daɗe ana buga gasar Dala a Kano, kuma lokacin da Ons Jabeur 'yar Tunisiya ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon shekara biyu a jere har matan gidana sun zauna kallo.

Roƙona shi ne kafin gasar Ostiraliya ta Janairun 2026 ku ba wani ma'aikacinku rabin shafi ya yi wa mutane bayanin abin da ke kan faifai. Zuwa ƙarshen 2025 ita ce kaɗai babbar gasar da Alcaraz bai taɓa ci ba, bai ma taɓa wuce zagayen 'yan takwas a can ba, kuma in ya ci zai cika huɗun yana da shekara 22. Sinner shi ya ci ta a 2024 da 2025, saboda haka maki 2,000 zai je karewa, Alcaraz kuwa 400 kacal. Ko Sinner ya sake ɗaukar kofin ba zai ƙaru da komai a jadawali ba. Daga Fabrairu zuwa farkon Mayu kuma sai reshe ya juye da mujiya: Sinner ba shi da abin karewa saboda a wannan lokacin na 2025 yana zaune a gida, duk abin da ya ci riba ce, Alcaraz kuwa za a zo karɓar na Rotterdam da na Monte Carlo. In kuka ga sun yi musayar kujera a wannan tsakanin, don Allah kada a sake rubuta cewa an san wanda ya fi. Ku kuma sa wa masu karatu lokaci: wasan ƙarshe na maza a Melbourne ƙarfe tara da rabi na safe yake kamawa agogon Najeriya da Nijar, ranar Lahadi. Mun riga mun yi magana da mai gidan kallo, tela kuma har yanzu bai biya ni tsiren watan Yuni ba.

Na gode.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Zariya