Rahoton kwamitin gyaran banɗakunan masallacin unguwarmu, Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna gaida Malam Liman, Mai Unguwa, iyayenmu dattawa da duk wanda ya sa hannu a aljihu saboda wannan aiki.

Tun da aka buɗe banɗakunan nan, magana ɗaya ke ta zuwa kunnenmu: an ce masai huɗu za a sauya, to me ya kai ku ga fasa daɓe, kuma ina kuɗin ya shiga? Kuɗin jama'a ne, don haka kowa yana da hakkin ya tambaya.

A zaman farko an tsayar da cewa uku su kasance na tsuguno, ɗaya na zama saboda dattawa masu ciwon gwiwa. Na tsugunon ba su ba mu wahala ba. An sa su, an sauya famfuna, an yi fenti.

Ɗakin na zama ne ya ci kuɗi. Da mai aikin famfo ya ɗaga tsohon masan, sai ga zoben da ke bakin bututu a karye. Wannan zobe shi ne ake ɗaure gindin masai a kai da ƙusoshi biyu, kuma a kansa robar da ke hana yoyo take zama. Wanda ya yi aikin a da bai sauya shi ba, siminti ya kwaɓa ya lafta kewaye da gindin ya tafi abinsa. Bakin bututun, mai inci 4, shi ma ya tsage ya yi ƙasa. Da aka ɗaga tayil biyu sai aka tarar da ƙasar jiƙe sharkaf. Warin da aka daɗe ana ɗora wa almajirai laifinsa, ashe daga nan yake fitowa.

Wasu sun ce da mun sake lafta siminti mun huta. Mun tattauna wannan, kuma mun ƙi. Siminti ba ya kama bututun roba yadda ya kamata. Masan da ba a ɗaure ba kuwa yana motsi duk lokacin da aka zauna a kai, da sannu simintin zai tsage ruwa ya koma bin ƙarƙashin daɓe. Ranar da aka zo gyara kuma sai an fasa sabon masan kafin ya fita. Ban da wannan, bango ɗaya ne tsakanin ɗakin da wurin alwala. Ruwan najasa da ke tsatsafowa a irin wannan wuri ba abin da za a rufe wa ido ba ne, kuma Malam Liman da bakinsa ya faɗi haka da muka kai shi ya gani.

Saboda haka aka fasa daɓen, aka kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar, aka yanke bututun daga inda yake da lafiya, aka haɗa sabo da gam, aka gyara masa gangara yadda ba abin da zai kwanta a ciki. Sabon zoben sai da aka jira aka gama tayil sannan aka zaunar da shi a kai, domin in ya yi ƙasa da tayil robar ba za ta matse ba. Wannan jiran ne ya sa ɗakin ya daɗe a kulle, ba sakaci ba. Kafin a buɗe an yi ta zuba ruwa bokiti bayan bokiti a gaban 'yan kwamiti, ko ɗigo bai fito ba. Siminti, yashi, tayil, bututu da kuɗin aikin magini duk ba sa cikin lissafin farko. Rasitin kowane abu yana hannun ma'aji, mai son gani ya same shi bayan sallar Isha.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu da ya hana a ambaci sunansa. Ranar da kuɗi ya yanke, shi ya aiko da siminti na Ashaka har ƙofar masallaci, ya kuma biya magini ba tare da an roƙe shi ba. Allah Ya ƙara buɗi, Ya jiƙan mahaifansa. Iyayenmu mata da suka haɗa daga kuɗin adashinsu, da matasan da suka kwashe ɓaraguzai kyauta, Allah Ya saka muku da alheri.

Sai dai aiki bai ƙare ba. Banɗakunan ɓangaren mata biyu hannu ɗaya ne ya gina su da wannan, ɗaya ma ya fara wari. Murfin sokawe ya tsage, yara kuma suna wasa a kansa. In damina ta same shi a haka, ruwan sama zai cika ramin ya dawo mana da komai ta bututun da muka gyara. Muna roƙon kowa ya sake taimakawa, da kuɗi ko buhun siminti ko rodi. Za a kafa akwati ranar Juma'a mai zuwa, mai kaya kuma ya kai wa ma'aji a rubuta masa a littafi.

Sakataren kwamiti