Sanarwa: Tattaunawar Asabar Kan Yoshihide Suga

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar bayan sallar isha'i, in Allah ya kai mu, za mu tattauna kan Yoshihide Suga, tsohon firaministan Japan. Ga ɗan bayani don kowa ya shigo da shirinsa.

An haife shi a 1948 a lardin Akita, ɗan manomi ne, ba ɗan gidan siyasa ba. A Japan wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƴan majalisa da yawa kujerar iyayensu suka gada. Da ya je Tokyo, a masana'antar kwali ya fara aiki, sannan ya shiga Jami'ar Hosei. Shekara 11 ya yi yana sakataren wani ɗan majalisa kafin ya tsaya da ƙafarsa.

A 1987 ya ci kujerar kansila a birnin Yokohama, gida-gida ya bi yana neman ƙuri'a. A 1996 ya shiga majalisar wakilai. Daga 2012 zuwa 2020 shi ne babban sakataren majalisar ministocin firaminista Shinzo Abe, babu wanda ya kai shi daɗewa a kujerar. Amma da ya hau firaminista a Satumbar 2020, shekara ɗaya kacal ya yi, korona ta sha masa kai. A ganina ya fi iya aikin bayan fage, amma mu ji naku ra'ayin.

Don Allah saƙon murya kada ya wuce minti biyu, kuma a bar tura tallace-tallace lokacin tattaunawa. Na gode.